Yashin Kogi Da Kanwar Fadama

Jama'a manoma, ga damina ta ɗauke, ruwa ya ja baya a kogin Gari da na Tomas, yashi ya fito fili fari fat. Masu lambu sun shiga gyaran fangali, masu inji suna duba tiyo, masu tifa kuma sun kunno kai suna neman inda za su yi lodi. Saboda haka a wannan mako za mu yi magana a kan abu biyu, waɗanda in ka dube su sai ka ce ba abin da ya gama su, watau yashin kogi da farin gishirin nan da kan fito a fuskar fadama da rani, wanda mu ke kira kanwa. Alhali kuwa uwa ɗaya uba ɗaya su ke. Dukansu dutse ne ya haife su.

Wanda ya tashi daga Gwiwa ko Roni, ya bi ta Kazaure ya nufi Babura, in mai lura ne zai ga ƙasa ta sake masa kama a hanya. Can yamma duwatsu ne da tuddai masu tsakuwa, mai haƙar rijiya ba ya yin nisa sai ya tarad da fa. Duwatsun nan tsofaffi ne ƙwarai, shekarunsu sun haura miliyan 500. Waɗansu giranit ne, irin wanda a ke fasawa don kankare. Waɗansu kuma, kamar dogayen tsaunukan nan na Kazaure, asalinsu yashi ne da laka na wani zamani mai nisa, zafi da nauyin ƙasa suka gasa su har suka koma dutse. Masu ilmin duwatsu ma da sunan Kazaure su ke kiran wannan jeri a littattafansu. Amma da ka miƙa gabas wajen Babura da Garki, sai dutse ya nutse can ƙarƙashi, yashi da yumɓu su rufe shi, haka nan har bakin tafkin Chadi.

Yadda dutse ke komawa yashi

Ɗauki ɓarin giranit ka duba shi da kyau a rana. Za ka ga ƙwayoyi iri uku a manne da juna. Akwai mai haske kamar gilashi, ita ce ƙanƙara. Akwai fara ko ja-ja wadda ba ta da wannan haske, Turawa suna ce da ita feldisfa, ita ce ma ta fi yawa. Sa'an nan ga waɗansu 'yan baƙaƙe masu ƙyalli, waɗanda su kan ɓare salo-salo kamar ɓawon albasa.

To, ruwan sama ba ruwa ne zalla ba. Tun yana saukowa ya kan haɗiyi irin iskar da mu ke fitarwa in mun yi numfashi, in ya shiga ƙasa kuma ya ƙara samunta wajen saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye. Wannan ya kan ba shi ɗan tsami wanda harshe ba ya ji, amma dutse yana ji. Damina bayan damina ruwan nan na cin feldisfa, har ta ruɓe ta zama yumɓu. Farar ƙasar da a ke shafe ɗaki da ita ta haka ta ke samuwa. Ƙanƙara kuwa ba ruwanta da wannan tsami. Da abin da ke riƙe da ita ya ruɓe, sai ta faɗo ƙwaya-ƙwaya, ruwa ya kwashe ta ya zuba a ƙorama, ƙorama ta kai kogi. Yashi ke nan. Duk ƙwayar da ba ta wuce milimita 2 ba, ba ta kuma yi laushin gari ba, ita masana ke kira yashi.

Kogi kuwa gwanin tankaɗe ne, ya fi mace da rariya. Inda ya ke gudu da ƙarfi sai ya ajiye tsakuwa da yashi mai gautsi. Inda ya lafa sai ya ajiye rairayi. In ya yi ambaliya ya kwanta a fadama kwana da kwanaki, a nan ya ke sauke laka. Shi ya sa za ka ga gona guda, bakinta na wajen kogi jigawa ce, gindinta kuwa dabaro baƙi ƙirin.

Amma kada a ɗauka duk rairayin ƙasar nan kogi ne ya kawo shi. Na tudu, wanda mu ke shuka gero da gyaɗa a kai, yawancinsa iska ce ta jibge shi. Kimanin shekara 20,000 zuwa 12,000 da suka wuce an yi wani dogon fari, hamada ta sauko kudu har ta rufe ƙasar da mu ke ciki yanzu, iskar gabas ta jera tuddan rairayi kamar kunya-kunya. Wani malamin labarin ƙasa na Ingila, A. T. Grove, ya yi rubutu a kansu a 1958. Wanda ya ratsa ƙasar Jahun ya ga irinsu da idonsa. Daga wannan jigawa ce ma jiharmu ta sami sunanta sa'ad da aka cire ta daga Kano a 1991. Murza ka ji bambanci: rairayin iska laushi gare shi, ƙwayoyinsa duk kai ɗaya, ja-ja saboda tsatsar ƙarfe da ta lulluɓe su. Yashin kogi kuwa yana da kaifi, manya da ƙanana a gauraye. Don haka ne magina su ke nemansa, gama siminti ya fi kama shi. Mai son ya gwada yashin da aka kawo masa, ya zuba rabin kwalba, ya cika da ruwa, ya girgiza ya ajiye. In laka ta kwanta a bisa da kauri, to an sayar masa da ƙasa da sunan yashi.

Akwai wani aiki da yashin kogi ke yi mana wanda ba mu cika gode masa ba. Ko da kogi ya ƙafe a ido, ruwa na nan kwance cikin yashin, gama tsakanin ƙwaya da ƙwaya akwai sarari, har ya kan kai kashi ɗaya cikin uku na dukan tulin. Rana kuwa ba ta iya shan ruwan da ke can ƙasa da yashi kamar yadda ta ke shan na tafki. Daga nan ne mata ke tonon ruwan sha da bazara, daga nan kakanninmu suka ja jigo, daga nan kuma 'yan rijiyoyin bututu ke sha, waɗanda hukumar KNARDA ta yaɗa a shekarun 1980 tun muna cikin Jihar Kano. In tifa ta kwashe yashi har gindin kogi ya sauka mita guda, ruwan rijiyoyin da ke gaɓa shi ma zai bi shi ya sauka, gaɓar kuma ta riƙa zaftarewa tana cin gona. Dā can kogi ya kan mayar da abin da aka ɗiba kowace damina. Amma tun da aka datse Tomas da Gari a cikin jerin madatsun da aka fara zamanin Gwamna Audu Baƙo, yashin da ke tahowa daga sama a bayan madatsa ya ke kwanciya, na ƙasa kuwa in an kwashe ba ya cikowa kamar dā. Ba mu ce kada a yi gini ba. Abin da ya kamata dagatai da masu unguwanni su tsaya a kai shi ne, a nuna wa masu ɗiba wurin da kogi ke tara sabon yashi, a hana su kusa da gada, da gindin gaɓa, da inda rijiyoyin lambu su ke. Kuɗin tifa ɗaya kwana nawa za su yi a aljihu?

Ina gishirin ya tafi?

Mu koma wajen feldisfar nan da ta ruɓe. A cikinta akwai wani abu da a ke kira sodiyam. Shi ƙarfe ne, amma mai laushi, har wuƙa na yanka shi, ba a kuwa samunsa tsura a ƙasa ko'ina, don ba ya iya zama shi kaɗai. In aka jefa shi a ruwa sai ya yi ta tsartsatsi, wani lokaci har ya kama wuta. Wani Bature na Ingila mai suna Humphry Davy shi ya fara ware shi a 1807. In ya haɗu da wata iska mai suna kulorin, shi ne gishirin miya, kusan kashi 40 cikin 100 na nauyin gishiri shi ne. In kuwa ya haɗu da irin iskar nan da ruwan sama ya haɗiya, sai ya ba da kanwa. A cikin duwatsun doron duniya, kowane kashi 100 akwai sodiyam tsakanin 2 da 3.

Shi sodiyam ba ya zama cikin yashi ko kaɗan. Da ya fita daga dutse sai ya narke ya bi ruwa. A ƙasashen da kogunansu ke kaiwa teku, can ya ke ƙarewa, shi ya sa lita guda ta ruwan teku ke ɗauke da gishiri wajen giram 35. Mu kuwa kogunanmu ba su san hanyar teku ba. Gari da Tomas, da sun bar dutse sun hau yashi sai su riƙa raguwa, ƙasa na sha, rana na sha. Kogin Haɗeja ma iyakarsa Yobe da tafkin Chadi, tafkin kuwa ba shi da mafita. Watau duk gishirin da ya narke daga duwatsunmu yana nan tare da mu, sai dai ya sake wurin kwana. Ga shi kuma ruwan da mu ke samu a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 800 ba, alhali rana da iskar hunturu suna iya shanye ninkinsa biyu ko uku daga fuskar tafki. Rana ruwa kaɗai ta ke ɗauka, gishiri kuwa ta bar shi nan.

Wani zai ce, me ya sa namu kanwa ce, ba gishirin miya ba? Dalili shi ne giranit ba shi da kulorin sai ɗan kaɗan. Ruwan da ya fito daga cikinsa daɗi gare shi, ba zartsi. Amma in rana ta yi ta ƙafar da shi, sai wani ɗan'uwan sodiyam mai suna kalsiyam ya riga fita, ya dunƙule ya zama 'yan fararen tsakuwoyin nan da a kan tono cikin dabaro. Sodiyam ya saura shi da abokiyarsa, su zama kanwa. Wannan abin a riƙe shi da kyau: ruwa mai daɗin sha ma yana iya haifar da kanwa in ya sami wurin kwanciya.

Mutanen dā sun san darajar wannan abu fiye da mu. A ƙasar Manga da Muniyo, cikin kwaruruka tsakanin tuddan rairayi, ruwan ƙasa ya kan taso ya ƙafe, a kankare kanwa a dafa manda. Ungurnu daga gefen tafkin Chadi ta ke zuwa, kantu kuwa daga Bilma a bayan raƙuman Azbinawa. Fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna ratsa Damagaram da jakuna suna kai ta kasuwar Kurmi. Bafillace ya san in shanunsa ba su sami kanwa ba sai su rame su shiga lasar ƙasa, gama ciyawa ba ta da sodiyam isasshe. Mata kuma sun san ita ke kashe tsamin yakuwa, ta sa wake ya nuna da wuri. Sai dai kome ya yi yawa ɓaci ne. Likitocin Zariya a shekarun 1970 sun gano cewa yawan kunun kanwa tare da wankan jego na cikin abin da ke kawo wa masu jego kumburi da ciwon zuciya.

Ga wani kuskure da ya kamata a gyara. 'Yan boko su kan kira kanwa fotash, har wani ya ɗauka ita ce fotash ɗin da ke cikin takin kamfa, ya ce bari ya barbaɗa a gona. Sam ba ita ba ce. Na kamfa abincin shuka ne, irin wanda ke cikin toka. Kanwa kuwa sodiyam ce, shuka ba ta bukatarta, ƙasa kuma ba ta ƙaunarta.

Ɓarnarta a lambu

Mu yi ɗan lissafi. A ce ruwan rijiyarka na da rabin giram na gishiri a kowace lita, wanda in ka sha ba za ka ji kome ba. A ce kuma daga dashe zuwa girbi ka ba hekta guda, watau eka biyu da rabi, ruwan da in an tara shi zai kai zurfin santimita 60. Lita miliyan 6 ke nan. Gishirin da ke ciki kilo 3,000 ne, buhu 60 na mai kilo 50. Ko da ruwanka ya fi wannan kyau sau biyar, buhu 12 ka zuba wa gonarka a rani guda ba ka sani ba. In jigawa ce, damina za ta wanke shi ya wuce ƙasa. In kuwa dabaro ce, ko wurin da ruwan ƙasa ya taso kusa, ba inda za shi.

Ruwan ƙasa in ya matso kamar mita ɗaya ko biyu da fuska, laka ta kan jawo shi sama kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Ya iso bisa ya ƙafe, ya bar farin ɓawo. Abin da ke tayar da shi kuwa mu ne: yawan ban ruwa, da hanyar ruwa mai yoyo, da magudanar da aka bari ta cushe ko aka nome ta don ƙarin fangali biyu. Ruwa ba ya tsami banza. Haka ta faru a kwarin Indus na Pakistan, har a shekarun 1960 gwamnati ta shiga haƙa dubban rijiyoyi don kawai a janye ruwan ƙasa ya sauka. Manoman shinkafa na Office du Niger a Mali su ma sun sha fama da kanwa, ga shi kuwa ruwan kogin Kwara su ke sha, wanda ba shi da zartsi ko kaɗan.

Ɓarnar iri biyu ce. Ta fari, gishiri ya kan hana saiwa shan ruwa. Yanka tumatir ka barbaɗa masa gishiri ka ga yadda ruwansa ke fita, haka saiwa ke ji. Sai ka ga fangali jiƙe sharkaf, shuka kuwa ta yi yaushi, bakin ganye ya ƙone, iri ya tsiro nan ya ƙi can. Ta biyu ta fi muni, don ƙasar kanta ta ke kashewa. Ƙasa mai lafiya dunƙule-dunƙule ta ke kamar dambu, kalsiyam ne ke riƙe ƙwayoyin yumɓu, ruwa da iska na ratsawa ta tsakani. In sodiyam ya kore shi ya kama kamar kashi 15 cikin 100 na mazauninsa, sai dunƙulen su watse, ƙofofin su toshe. Da jiƙa sai santsi kamar sabulu, ruwa ya kwana a kai bai shiga ba. Da bushewa kuwa sai ta zama daɓe, fartanya na tsalle. Wani wuri har za ka ga baƙin tabo kamar an zubar da man inji, takin ƙasar ne kanwa ta narkar. Fako da yawa ta haka ya samo asali.

Kana iya gwada gonarka ba tare da ka biya ko kwabo ba. Ɗauki busasshen ɓarin ƙasa kamar ƙwayar gyaɗa, ka sa a hankali cikin farin faranti mai ruwan sama, kada ka motsa. In ya farfashe kawai ruwa ya zauna garau, lafiya. In kuwa wani hazo kamar tsararon koko ya kewaye shi, sodiyam ya shiga. Ko kuma ka jiƙa ƙasar, ka tace ruwan, ka ɗiga masa ruwan zoɓo marar kauri. In jan ya tsaya, babu kanwa mai yawa. In ya juya ya yi duhu ko kore-kore, akwai ta. Wanda ya ga haka ya nemi malamin gona na JARDA, a aika da ƙasar da ruwan ɗakin gwaji, kamar na Samaru a Zariya ko na Jami'ar Bayero a Kano, a faɗa masa iyakar abin.

Magani na farko magudana ce, kome kuma bayanta ya ke. Gishiri da ruwa ya zo, da ruwa zai fita, amma sai an ba shi hanya. Wannan kuwa ba aikin mutum ɗaya ba ne, gama in kai ka yashe taka, na ƙasa da kai ya toshe tasa, aikin banza ka yi. A daidaita fangali, don a kan ɗan tudun da ruwa bai rufe ba a nan gishiri ke taruwa. A bar yayyafin kullum wanda ba ya wuce ɗan yatsa, a riƙa ba da ruwa mai ratsa saiwa, sa'an nan a dakata. A rufe ƙasa da ƙaiƙayi ko tattaka don rana ta rage sha. Mai ban ruwa ta kwari, ya yi shuka a kafaɗar kunya, kada a ƙoƙuwarta, can ne farin ke hawa. In ɓawo ya riga ya fito, a kankare a kwashe a kai nesa kafin ruwan fari, kada a nome shi ciki.

Ƙasar da ta riga ta zama daɓe kuwa wanki kaɗai ba ya isarta, sai an mayar mata da kalsiyam. Abin da a ke sawa wani farin dutse ne mai laushi, jifsam, wanda a ke haƙa a ƙasar Sakkwato da Yobe don masana'antar siminti. A niƙa, a barbaɗa, a gauraya da ƙasar bisa, a ba da ruwa. Amma fa ba da mudu a ke aunawa ba, hekta guda ta kan ci tan biyu ko fiye, don haka kada kowa ya saya sai an gwada masa ƙasa. Takin sufa, wanda iyayenmu suka sani tun zamanin dalar gyaɗa, kusan rabinsa jifsam ne, saboda haka ya dace da irin wannan wuri. Takin shanu da ruɓaɓɓen kara su ma suna buɗe ƙasa, sai dai a hankali. Toka kuwa a kai ta jigawa, kada a zuba ta inda kanwa ta ke, ƙari za ta yi.

Kafin ƙasa ta warke, a zaɓi abin shukawa. Albasa da karas da latas da tattasai ba su jimre gishiri ko kaɗan, masara ma haka. Tumatir ya ɗan fi su. Alkama da dawa da auduga sun fi haƙuri, sha'ir ya fi su duka, dabino kuwa ko a Bilma yana 'ya'ya. Da damina, in magudana na aiki, shinkafa na taimako, don ruwan da ke kwance a kanta yana tura gishiri ƙasa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda a ke fitar da magudana a fadama marar gangare, da zurfin da ya kamata a ba ta.